Na gyara rufi da kuɗina, an ƙara mini haya: in riƙe kuɗin ko in tashi?

Wasiƙar wannan makon daga wani magidanci take a Mabera, cikin garin Sakkwato. Ga ta a taƙaice:

"Assalamu alaikum, Malam. Ni malamin makaranta ne, ina da mata da yara uku. Shekara huɗu ke nan ina haya a wani gida mai sassa huɗu, nawa ɗaki biyu da falo, a kan naira 250,000 a shekara. Mai gidan ɗan kasuwa ne, ban cika ganinsa ba, wakilinsa ke karɓar kuɗi. Daminar bara rufin ɗakin yara ya yi ta yoyo har silin ya rufto, sokawe kuma ta cika tana malala tsakar gida. Na yi ta kiran wakilin, daga ƙarshe ya ce, 'Gyara, in Alhaji ya zo mu gani.' Na kashe naira 85,000. Yanzu saura mako shida kuɗina su ƙare, a ƙarshen Afrilu, sai ya aiko cewa haya ta koma naira 400,000, in ba zan iya ba in ba su gidansu. Da na tuna masa kuɗin gyara, ya ce ba shi ya sa ni ba. Ba mu da yarjejeniya a rubuce, rasit biyu kawai gare ni. Albashina bai wuce naira 120,000 ba. Abokaina sun ce in ƙi biya sai an biya ni, maiɗakina ta ce mu tashi kawai. Ina mafita?"

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya kawo sauƙi.

Bari in fara da shawarar abokanka, don ita ce za ta fi saurin kai ka ƙasa. Kada ka riƙe kuɗin haya. Yau duk wanda ya ji labarinka kai zai bai wa gaskiya: ka biya shekara huɗu ba fashi, ka gyara gidan wani da aljihunka. Ranar da wa'adi ya cika ka zauna ba ka biya ba, magana ta juya. Ka zama ɗan hayan da ya ƙi biya ya ƙi tashi, kuma daga mai unguwa har alƙali ba wanda zai saurari zancen silin kafin ya tambaye ka ina kuɗin mutane. Masu zuga ka ba su za a fitar wa da katifa waje ba.

Sai batun naira 85,000. A nan zan faɗa maka abin da ba za ka so ji ba. Da yawanmu mun ɗauka cewa duk abin da ya lalace a gidan haya dole ne a tilasta wa mai gida ya gyara, in ya ƙi kuma ɗan haya ya gyara ya cire a kuɗin haya. Ba haka fiƙihun da alƙalanmu ke aiki da shi ya tafi ba. A Muhtasar na Shehu Halil, littafin fiƙihun Malikiyya da ake karantawa a zaurukan malaman garin nan, mai ba da haya ba a tilasta masa gyara. Abin da ɗan haya ke da shi zaɓi ne: idan lalacewar mai cutarwa ce, kamar yoyon ruwan sama, yana iya warware hayar ya tashi, idan kuma ya zaɓi zama, kuɗin haya na kansa. Masu sharhi sun ƙara da cewa wanda ya kashe kuɗinsa a gyara ba da izinin mai gida ba, ana ɗaukarsa a matsayin mai sa kai, iyakarsa a ƙarshen wa'adi ya cire kayan da ya sa ko a ba shi kimarsu a matsayin rusassu. Ka san tsohon kwanon da aka ɓamɓaro daga rufi nawa ake sayensa. Dokar boko ma ba ta yi nisa da wannan ba: inda babu yarjejeniyar da ta ɗora gyara a kan mai gida, da wuya ɗan haya ya cire kuɗi da kansa kotu ta sa masa albarka.

Amma littafin nan dai ya halatta a yi sharaɗi cewa ɗan haya zai yi gyara ko yaɓe daga cikin kuɗin hayar da ya riga ya hau kansa. Wato gyara a cire a haya ba laifi ba ne, matuƙar an yi shi da yardar juna. Saboda haka duk shari'arka ta rataya ne a kan kalma ɗaya da wakili ya furta, "gyara". In ta tabbata ya faɗa, kuma shi ne Alhaji ya wakilta kan lamuran gidan, to ba sa kai ka yi ba. In ba ta tabbata ba, kuɗinka sun zama sadaka. "In Alhaji ya zo mu gani" kuwa magana ce ta mutumin da ya bar wa kansa ƙofar fita tun daga farko.

To, ka nemo shaida tun kafin ka sake buɗe baki. Duba wayarka: akwai saƙon da ka tura masa, ko muryar da ya aiko ta WhatsApp? Akwai hoton silin lokacin da ya rufto? Wa ke wurin sa'ad da ya ce ka gyara? Maƙwabtanka uku na cikin gidan sun ga ruwan sokawe a tsakar gida da idonsu, sun ga ma'aikata. Ka koma wurin kafintan da ya hau rufin, ya rubuta maka abin da aka saya da ladan aikinsa: fallen kwano nawa, ƙusa, katako, silin guda nawa, ya sa hannu ya sa lambarsa. Mai shagon da ka sayi kayan wurinsa galibi yana da littafi. Wannan aikin yini ɗaya ne.

Kuma ka raba kuɗin gyaran kashi biyu, kada ka kai su a dunƙule. Rufi jikin gida ne, ko ka tashi gobe Alhaji zai ci gaba da cin moriyarsa, nan hujjarka take da ƙarfi. Sokawe kuwa sai an duba. Idan kwashewa kawai aka yi, a al'adar gidajen haya masu amfani da ita ke haɗa kuɗi, kuma ku huɗu ne a gidan, ban ga dalilin da ya sa ka ɗauki nauyin kai kaɗai ba. Wannan kaso wurin maƙwabtanka za ka neme shi, cikin lalama. Idan kuma bangon ramin ne ya zube ko murfin ya tsage aka sake zuba siminti, wannan gini ne, na mai gida ne. Mutumin da ya zo da lissafi a rarrabe, har ya ce "wannan ba naka ba ne, namu ne", an fi yarda da sauran lissafinsa.

Yanzu ƙarin haya. Daga 250,000 zuwa 400,000 ƙarin kashi 60 cikin 100 ne a tashi ɗaya, a gaya wa mutum saura mako shida. Wannan ba tsari ba ne, kuma ba haka ake yi wa wanda ya shekara huɗu bai taɓa sa an bi shi bashi ba. Sai dai kada ka je wa Alhaji da cewa bai kamata a ƙara ko kwabo ba, za ka zubar da hujjarka. Tun da aka janye tallafin man fetur ranar 29 ga Mayun 2023, aka saki naira a watan Yunin shekarar, babu abin da ya tsaya inda yake. Hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin 100 a Disambar 2024. Buhun siminti ya haura naira 10,000 a wurare da dama a farkon 2024, mu da ake yin simintin a bayan gidanmu a Kalambaina ma ba mu tsira ba. Naira 250,000 ta shekara huɗu da suka wuce ba ita ce ta yau ba, kuma Alhaji ɗan kasuwa ne, ya fi ni da kai sani. Ga kuma abin da kowa ke gani a garin nan: mutanen Sabon Birni da Isa da Rabah da Goronyo da rashin tsaro ya taso suna ta shigowa birni, ga ɗaliban Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da na kwalejoji, ga ma'aikatan asibitin koyarwa. Ɗaki biyu da falo a Mabera ba ya daɗewa a kulle. Da aka sa hannu a kan mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 a Yulin 2024, masu gidaje da yawa sun ji a rediyo sun gyara farashi tun kuɗin bai shiga hannun ma'aikaci ba. Ba ina wanke su ba ne. Ina so ka san ƙasar da kake takawa kafin ka fara ciniki. Kuma akwai gidajen haya a garin nan da marayu ko gwauruwa ke ci da su, ba kowane mai gida ne mai ƙiba ba.

Me doka ta ba ka? Ta ba ka lokaci da mutunci, ba ta ba ka farashi ba. Kuɗin haya yarjejeniya ce tsakanin mutum biyu. Mai gida ba shi da ikon ƙara maka a tsakiyar shekarar da ka riga ka biya, kuma sabon farashi tayi ne, bai hau kanka ba sai ka amsa. Amma kai ma ba ka da ikon tilasta masa ya sabunta maka a tsohon farashi. Za ka ji wasu na cewa ai akwai dokar da ta ba ɗan haya damar kai ƙara kan ƙarin da ya wuce kima, ta kuma hana karɓar kuɗin fiye da shekara ɗaya. Wannan dokar haya ce ta Jihar Legas ta 2011, iyakarta Legas, kada wani ya karanto maka ita a shafin Facebook ka ɗauka ta shafe ka.

Abin da ya shafe ka shi ne ba a korar ɗan haya da ƙarfin tuwo. Cire ƙofa, kware rufi, sa kwaɗo, watsar da kaya, kawo matasa su tsorata iyali, duk saɓa doka ne ko da wa'adi ya cika, kuma kotunan ƙasar nan sun sha cin tarar masu gida a kan haka. Sai an bi ta kotu. A dokokin karɓe gida na yawancin jihohi, idan babu yarjejeniyar da ta faɗi wani abu dabam, mai biya wata-wata notis ɗin wata ɗaya ake ba shi, mai biya shekara-shekara na wata shida, bayan nan a ba shi takardar kwana bakwai ta niyyar shigar da ƙara. Amma idan an yanka wa'adi ƙarara, daga rana kaza zuwa rana kaza, cikar wa'adin kan wadatar, kwana bakwai ɗin kawai ke saura. Shi ya sa abin da aka rubuta a rasit ɗinka biyu ke da muhimmanci. Kai su ga lauya ya karanta. In kuɗin lauya ya yi nauyi, hukumar ba da agajin shari'a ta tarayya, Legal Aid Council, tana da ofis a jihohi don marasa ƙarfi, ka fara da can. Ka kuma sani, tun da ku duka Musulmi ne, maganar na iya zuwa kotun shari'ar Musulunci, inda hayar da aka yanka wa lokaci ke ƙarewa da ƙarewar lokacinta. Don haka wata shidan nan kada ka jingina da shi da dukan nauyinka. Duk kwanan da ka ƙara bayan Afrilu ma sai ka biya kuɗinsa. Ka san haƙƙinka don kada a razana ka da "ka fita gobe", amma ban ba ka shawarar ka fara da kotu ba. Malamin makaranta mai albashin 120,000 ba shi da ranakun da zai zubar a harabar kotu kan gidan da ƙarshenta zai bari.

Inda nake so ka sa ƙarfinka shi ne wani wuri da wasiƙarka ta wuce da sauri: ba ka ji komai daga bakin Alhaji ba. Ƙarin daga bakin wakili, ƙin biyan gyara daga bakin wakili. Ban ce mutumin yana cin amana ba, ban san shi ba, kai ma kada ka faɗi haka a ko'ina. Amma ka lura da inda maslahar kowa take. Mai tsaya wa gida irin wannan yakan samu la'ada ne a kan sabon ɗan haya, galibi kashi 10 cikin 100. In ka sabunta, abin da zai samu kaɗan ne ko babu. In ka tashi aka sa wani a kan 400,000, ga naira 40,000 ta shigo. Shi tashinka riba ce. Alhaji kuwa tashinka na nufin fenti, gyaran ƙofa da famfo, da baƙon da bai san halinsa ba. Yana yiwuwa ma bai taɓa jin cewa silin ya rufto ba, ko kuma an gaya masa an gyara ba a gaya masa wa ya biya ba.

Kafin ka neme shi, tambayi maƙwabtanka uku nawa aka ce musu. In farashin ya bambanta ba tare da bambancin ɗakuna ba, ka samu abin tambaya. In duk ɗaya ne, kun samu dalilin tafiya tare, ko ku wakilta biyu. Sa'an nan ka zaga unguwar da yamma, ka tambayi dillalai biyu ko uku nawa ake ba da irin sashenka yanzu, kamar mai nema. Kada ka je da farashin da kake fata, je da wanda ake biya.

Ka gaya wa wakilin cewa kana son gaisawa da Alhaji. Kada ka zagaye shi a ɓoye, domin ko an daidaita shi za ka ci gaba da gani, ba Alhaji ba. In ya yi ta ja maka rai, ɗan kasuwa ba ya ɓata a Sakkwato: yana da shago, yana da masallacin da yake salla, yana da aminin da yake jin nauyinsa. Nemi dattijo guda, limamin unguwa ko mai unguwa ko wani babba a wurin aikinku, ya raka ka. Kada ka tare shi a gaban abokan cinikinsa, kada kuma ka fara da lissafi. Bayan gaisuwa, wani abu kamar haka ya isa: "Alhaji, Allah shi ƙara girma. Shekara huɗu ina cikin gidanka, ban taɓa saɓa wa'adi ba, kuma ina son in ci gaba da zama. An gaya mini haya ta koma 400,000. Na san zamani ya canza, ban ce kada a ƙara ba, amma wanga ƙari ya fi ƙarfina a tashi ɗaya. Ga kuma aikin da anka yi a rufi bara, ga hotuna, ga takardar kafinta." Ka miƙa, ka yi shiru. Kada ka zagi wakilinsa, ko da ya ba ka ƙofa. Faɗi abin da ya faru kawai, shi zai haɗa sauran.

Ka shiga da tayi a hannu, kuma ka san iyakarka tun daga gida. Albashinka na shekara naira 1,440,000 ne. Naira 400,000 ta haura rubu'insa, kafin hatsi, kafin garuwa, kafin kuɗin makarantar yara da asibiti. In ni ne, zan taya 300,000, in shirya tsayawa a 320,000 ko 330,000, a cire kuɗin rufi daga ciki. In Alhaji ya ce a raba kuɗin gyaran biyu, karɓa, kada ka tsaya jayayya a kan ragowar. Abin da ya fi ragowar daraja shi ne ya yarda farashin ya tsaya shekara biyu, ko a faɗi tun yanzu nawa za a ƙara baɗi. Masu gida da yawa sun fi sauƙin yarda da ƙari a mataki biyu a kan ragi kai tsaye, don ba ya nuna an kayar da su. Kana iya neman biya kashi biyu, rabi yanzu rabi bayan wata huɗu ko shida, amma kada ka nemi ragi mai yawa da jinkiri mai yawa a zama ɗaya, zaɓi wanda ya fi maka ciwo. Kada kuma ka ci bashi mai ruwa, musamman na manhajojin waya, don cike kuɗin haya. Masu wannan bashin in ka makara har mutanen da ke cikin wayarka suke aika wa saƙon tozarci.

Duk abin da aka amince, a rubuta shi a wurin. Mutanenmu na jin nauyin wannan, sai a ce "ai mu Musulmi ne, magana ta isa". To, aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, kan rubuta bashi ta sauka, kuma ga muminai aka yi umarnin. Ba sai an kira lauya ba in babu hali. Falle ɗaya ya isa: sunanka da nasa, wane sashe na gidan, nawa, daga yaushe zuwa yaushe, nawa aka cire na gyara, wane gyara ne na mai gida (rufi, bango, ramin sokawe, wayoyin cikin bango) wane ne naka (ƙwan fitila, kan famfo, makulli, gilashin da yara suka fasa), da cewa duk mai son ƙari ko tashi zai sanar wata uku kafin wa'adi. A ƙara layi ɗaya da zai hana maimaita abin bara: in abu ya lalace ka sanar a rubuce, in kwana kaza suka wuce ba a zo ba kana da izinin gyarawa a cire a haya, har zuwa naira kaza. Shaidu biyu su sa hannu, kowa ya riƙe kwafi, ka ɗauki hotonsa a waya. Daga yau kuma ka riƙa biya ta banki, cikin asusun da Alhaji ya faɗa da bakinsa, ka rubuta "kuɗin haya" da shekarar a wurin bayani, ka kuma karɓi rasit. Shekara huɗu da rasit biyu na nufin akwai shekara biyun da in aka musa sai ka yi rantsuwa.

Kuma in za ku zauna, a sake hawa rufin nan kafin hadarin farko. Iskar farkon damina a Mayu da Yuni ita ke ɗaga kwanon da ƙusarsa ta saki. Sa kafinta ya leƙa cikin silin da tsakar rana: duk inda haske ya tsirgo, nan ruwa zai bi. Ya ƙwanƙwasa katakon, in gara ta cinye cikinsa zai ji shi fanko, kuma ƙusa ba ta kama irin wannan katako komai yawanta. Faci a kan ruɓaɓɓen katako damina ɗaya yake yi. In haka ne, aikin ya fi ƙarfin ɗan haya, a sa shi cikin takardar da ranar da za a yi.

Maiɗakinka da ta ce ku tashi, kada ka ɗauki maganarta a ta fushi kawai. Ita ta kwana tana tara robobi a ƙarƙashin yoyo, ita ta yini da yara a tsakar gidan da ruwan sokawe ke kwance, a garin da amai da gudawa ba baƙo ba ne lokacin damina. Tana iya fin mu gaskiya. Ku zauna ku yi lissafin tare, da biro. A ce kun samu wani sashe a kan 330,000 a bayan gari, wajen Dambuwa ko Kwannawa ko Gidan Igwai. Ƙara la'adar dillali, ƙara motar kwasar kaya, fenti, ragar sauro a tagogi, labulen da ba zai yi daidai da sababbin tagogi ba. Ƙara kuɗin kabukabu ko Keke zuwa makarantarka da ta yara kowace rana, ka ninka da kwanakin aiki na shekara, nan ne gida mai arha ke cinye arharsa. Ƙara ruwa: gidan da ke da rijiyar burtsatse ko famfo mai zuwa, da wanda sai an sayi kurar garuwa kullum, bambancinsu a shekara na iya fin abin da kuke jayayya a kai da Alhaji. In bayan wannan lissafin tashi ya fi sauƙi, ku tashi ba tare da waiwaye ba. Ko da zama ya fi, ka fara duba gidaje daga wannan makon. Mai ciniki da ya san inda zai kwana in an ƙi tayinsa, muryarsa dabam ce, kuma mako shida ba shi da yawa.

Wajen dubawa, je da azahar a wannan bazarar da zafi ke haura digiri 40, ka tsaya cikin ɗakin minti biyar a rufe, ka ji ko yara za su iya barci a ciki. Dubi silin ko akwai zanen ruwa, dubi gindin bango ko akwai layin da danshi ya bari, sabon fenti a gefe ɗaya kawai abin tambaya ne. Kada ka tambayi dillali ko layin na cika da ruwa, tambayi mai shayi ko mai shagon bakin layi yadda wurin yake a Agusta. Kun san Mabera da ruwa, kada ku gudu daga yoyon sama ku faɗa na ƙasa. Nemi ganin takardar wuta ta ƙarshe ko ka duba mita. Hukumar NERC mai sa ido kan lantarki ta bayyana cewa sabon ɗan haya ba shi ke biyan bashin wanda ya tashi ba, amma kafin a raba ka da bashin za ka sha zirga-zirga, gara a warware kafin ka shiga. Kada ka ba da ko kafin alƙalami sai ka ga mai gidan ko takardar da ta nuna wakilcin wanda ke karɓa, don an sha karɓar kuɗin mutum biyu a kan ɗaki ɗaya.

In Alhaji ya kafe a kan 400,000, kada ka yi musu. Roƙi wata biyu ko uku bayan Afrilu a kan lissafin tsohon farashi, wanda ya kama kusan naira 21,000 a wata, ka nemi a ci kuɗin rufin a ciki. Sau da yawa mai gidan da ya ƙi fitar da tsabar kuɗi daga aljihunsa yakan yarda da wannan, don bai ji fitar komai ba. A rubuta ranar tashi. Ranar kuma ka share ɗakunan, ka ɗauki hoton kowane ɗaki da lambar da ke kan mita, ka biya kasonka na wuta da na shara, ka miƙa makulli a gaban dattijon da ya raka ka, wakilin ya rubuta a bayan rasit ɗinka cewa ya karɓa kuma ba ya bin ka komai.